Kada Ka Karya Taliyar: Yadda Ake Shirya Abincin Ranar Haihuwa ga Wanda Al'adarku Ba Ɗaya Ba

Tukunyar ce ta yi ƙanƙanta, daga nan matsalar ta faro. A wani gidan haya da na taɓa zama tare da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam, zagayowar ranar haihuwar abokin zamana, ɗan ƙasar Sin, ta zo daidai da ziyarar mahaifiyarsa. Na taɓa jin cewa taliya suke ci a irin wannan rana, sai na ce bari in yi gwaninta. Na sayo taliya, na ɗora ruwa, da na ga ba za ta shige tukunya ba sai na damƙe ta a hannu na karya gida biyu, ƙas, yadda na saba. Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofar kicin. Ba ta ce uffan ba. Ta matso ta karɓi ludayin daga hannuna, ta sauke tukunyar, ta kwaɓa fulawa ta murza wata taliyar da hannunta. Sai da dare ɗan ya ce mini: "Abokina, tsawon taliyar nan tsawon raina ne, kai kuma ka raba shi biyu a gaban mahaifiyata." Yana faɗa yana dariya. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba.

Tun daga ranar na daina fara tambaya da "me ake ci?" Na koma tambayar "don me ake cin sa?" Abincin ranar haihuwa a yawancin al'adu yana ɗauke da wani saƙo: fatan tsawon rai, ko godiya ga uwa, ko neman tsari ga yaro. Idan ka gane saƙon, ka san abin da za ka iya musanyawa a girkin da kuma abin da ba a taɓawa. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su, ko kai ne mai shirya wa wani, ko kai aka gayyata.

Mataki na farko: ana bikin kuwa, kuma yaushe?

Kafin ka sayi ko da ƙwai ɗaya, tabbatar mutumin yana yin bikin. Mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah ba sa yi sam, kuma a cikin Musulmi akwai masu yi, akwai masu ƙauracewa. Shirya wa irin wannan mutum bikin ba-zata saka shi ne a tsaka mai wuya. Matambayi ba ya ɓata: tambayi ɗan'uwansa ko amininsa.

Sai ranar kanta. Wadda ke rubuce a fasfo ba lallai ita gidansu ke lissafi da ita ba. Dattawa da yawa a Sin da Koriya da kalandar wata suke ƙirga ranar haihuwarsu, don haka kowace shekara takan faɗo a wata rana dabam a kalandar Miladiyya. A Girka, ranar waliyyin da aka raɗa wa mutum sunansa takan kai ranar haihuwa daraja, a wajen tsofaffi ma ta fi ta. Ko ƙirgar shekarun ma akwai saɓani. A tsohon lissafin Koriya, jariri yana faɗowa duniya shekararsa ɗaya, kuma kowa yana ƙara shekara ranar 1 ga Janairu. Sai ranar 28 ga Yunin 2023 dokar da ta mayar da hukumomin Koriya ta Kudu kan lissafin da sauran duniya ke bi ta fara aiki, amma a baki har yanzu mutum zai iya gaya maka shekarun da suka ɗara na takardarsa da ɗaya ko biyu. In za ka rubuta lamba a kan kek, tambayi wane lissafi ake so.

Babban tarko shi ne gaggawa. A Jamus da Rasha, taya mutum murna kafin ranar ta zo ana ɗaukarsa jawo rashin sa'a. Idan ranar ta faɗo Litinin kuma sai a ƙarshen mako za a iya taruwa, ɗauki Asabar da ke bayanta, ba wadda ke gabanta ba. Jamusawa suna da mafita guda: a taru tun daren jajibere, a ci a sha a yi hira, amma ba wanda zai ce "barka" sai agogo ya buga sha biyun dare.

Mataki na biyu: aljihun wa?

Wannan shi ne wurin da aka fi jin kunya, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba. A Amurka, idan abokai suka fita cin abinci, sukan haɗa kuɗi su biya wa mai ranar. A Jamus, Holan, Rasha, Italiya da Filifin, abin a juye yake: mai ranar ne ke ciyar da mutane. Ma'aikaci a Holan shi zai shigo ofis da kek ɗinsa ya raba wa abokan aiki, yaro kuma ya kai wa 'yan ajinsu abin taɓa ka lashe. Suna ce wa wannan "taraktiren". Ɗan Filifin da ranarsa ta zagayo ya san za a tsare shi da tsokana sai ya ciyar.

Saboda haka in kai baƙo ne a irin waɗannan ƙasashe kuma ranarka ta zo, kada ka zauna kana jiran a kawo maka, kowa ma kai yake jira. In kuma kai ka gayyaci Ba'amurke gidan abinci a ranarka da niyyar kai za ka biya, faɗa masa tun a gayyata, don kada a tsaya jayayya a gaban mai kawo takardar kuɗi.

Wani ƙaramin abu game da Holan: idan ka shiga gidan da ake bikin, za ka tarar an jera kujeru da'ira, kuma ba mai ranar kaɗai ake taya murna ba. Kowa sai ka ba shi hannu ka yi masa barka, uwarsa, matarsa, har maƙwabcinsa. Kofi da yankan kek ne ke fara zuwa, kafin komai.

Mataki na uku: zaɓi abincin, ka riƙe abin da ke ɗauke da ma'anarsa

A nan aikin yake. Shawarata ita ce ka zaɓi abu ɗaya tak daga al'adar mutumin ka yi shi da kyau, sauran tebur ka cika shi da abin da hannunka ya saba. Mai jera girki biyar na ƙasar da bai taɓa zuwa ba, yawanci kwalliyarsa ba ta biyan kuɗin sabulu.

Mu fara da Koriya, don a ganina babu abincin ranar haihuwa da ya kai nasu ma'ana. Sunansa miyok-guk, romo ne na ganyen teku. Shi ake ba mai jego bayan haihuwa, ta yi ta shan sa har makonni. Duk shekara kuma, a ranar da aka haife ka, sai ka sha abin da mahaifiyarka ta sha a kanka. Wato ranar taka ce, amma kwanon nata ne. Shi ya sa Bakoriye zai tambayi mai ranar, "Ka sha romon ganyen teku kuwa?" a madadin tambayar ko an kula da shi.

Ga yadda ake yi wa mutum huɗu. Nemi busasshen ganyen miyok giram 20. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, in ya sha ruwa yakan kumbura ninki wajen goma, wanda ya jiƙa fakiti guda zai cika roba. Jiƙa shi a ruwan sanyi minti 20 zuwa 30, wanke, matse, yanka shi daidai loma. Zuba man riɗi babban cokali biyu a tukunya, soya naman sa giram 200 da aka yanka ƙanana har ya canja launi. Sa ganyen ka ci gaba da juyawa minti huɗu ko biyar. Wannan suyar ce ke kashe ƙarnin teku, kada ka tsallake ta. Zuba ruwa lita ɗaya da rabi, dakakkiyar tafarnuwa cokali ɗaya, da ruwan ɗanɗano na waken suya cokali biyu. In ya tafasa rage wuta, bar shi minti 30 zuwa 40 har ganyen ya yi laushi, romon ya ɗan yi kauri. Ɗanɗana, ƙara gishiri. Ba a saka masa lawashin albasa, duk da cewa kusan kowane romon Koriya yana da shi. Da safe ake sha, da farar shinkafa.

Me za ka iya canjawa? Naman. Mutanen bakin teku da kifi ko dodon koɗi suke yi. Ganyen ne ba ya canjuwa. Sai gargaɗi biyu: ganyen yana da sinadarin ayodin mai yawa, wanda likita ya yi wa iyaka da shi saboda matsalar maƙoƙo sai ya yi hattara. Kuma in mai ranar yana da jarrabawa, tambaye shi tukuna, don akwai camfin cewa santsin ganyen yana sa mutum ya zame ya faɗi.

Sai taliyar da ta ba ni kunya. Sinawa suna ce mata cangsho-miyan, taliyar tsawon rai. Gwanaye sukan ja ta zare ɗaya tak da zai cika kwano, amma ba wanda zai nemi haka daga gare ka. Duk doguwar taliya ta wadatar, muddin ba ta karye ba. Ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa sosai, tsayar da taliyar a ciki ka bar ƙasanta ya yi laushi, da kanta za ta sulale ta nutse. Juya ta a hankali da tsinke ko bayan ludayi. A gefe guda ka tanadi romon kaza da citta da lawashi, da ɗan ganye kore. Tsame taliyar zuwa kwano, kwarara romo, ɗora soyayyen ƙwai ko dafaffu biyu, ka kai nan take, don in ta jima a romo takan jiƙe ta tsittsinke da kanta. Kada wuƙa ko almakashi su kusanci teburin. Mai ci ma zuƙa yake yi, yana ƙoƙarin kada ya datse da haƙori. Romon kuwa naka ne, yi na kaza, na sa, ko na ganye zalla. Idan kana son ƙari, rina dafaffen ƙwai da jan launin abinci, ja a wajensu launin murna ne. Filifinawa sun gaji wannan ra'ayi daga Sinawa: teburin ranar haihuwa ba ya rasa fansit, soyayyar taliya da ganye da nama, a bikin yara kuma sufageti mai miyar zaƙi.

A kudancin Gana, wajen Ga da Akan, oto ne abin karin kumallon mai ranar. Dafa doya da gishiri, soya albasa a manja, sannan ka marmashe doyar tana da zafi kana zuba manjan har ta rine gaba ɗaya. Marmasawa za ka yi, ba kirɓawa har ta yi danƙo ba. A kaskon ƙasa da suke kira asanka ake yi, a ciki kuma ake ci. Dafaffen ƙwai a sama shi ne cikon abin. Ana iya maye doyar da ayabar suya, a ƙara soyayyar gyaɗa a gefe, amma oto ba ƙwai bai cika ba.

Bangaliyawa na Indiya da Bangaladash kuwa fayesh suke yi, shinkafa da madara, kuma bisa al'ada uwa ko kaka ke dafawa. Sirrinsa ƙarancin shinkafa: giram 50 na mai ƙamshi ya ishi lita ɗaya ta madara. Ƙaramar wuta, juyawa a kai a kai kusan minti 40, har madarar ta ƙone ta ragu. Kada ka sa sukari sai shinkafar ta nuna, in ka riga ta ba za ta yi laushi ba. Da hunturu sukan yi amfani da mazarƙwailar ruwan itacen dabino, ita kuwa sai an sauke tukunya ta ɗan huce ake sakawa, in ba haka ba madarar ta tsinke.

Mataki na huɗu: binciki abin da ke ɓoye

Girkin biki ya fi kowane girki ɓoye abubuwa. Sanannen kek ɗin Jamus mai cakulan da 'ya'yan ceri, asalinsa da barasar ceri ake jiƙa shi. Tiramisu, wani kayan zaƙi na Italiya, sau da yawa da giya a ciki, haka wasu ke ɗiga barasa a kek ɗin madara uku na Meksiko. Ruwan banila na kwalba da ake sayarwa a Amurka a matsayin na asali, doka ta ce sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Jelatin da ke cikin alewa mai taushi da wasu kirim galibi daga fatar alade ake samo shi. A Taiwan taliyar ranar haihuwa da ƙafar alade ake haɗa ta, sufagetin Filifin ma tsiran naman da ke ciki yakan zama na alade. Musulmi ko Bayahude da aka gayyata ya tambaya ba tare da jin nauyi ba, mai masauki kuma ya karanta bayan kowane fakiti.

Baƙi daga Indiya da ba sa cin nama, da yawansu ƙwai ma ba sa ci. Kek marar ƙwai abu ne da kowane gidan burodi a can ya sani, kuma kayan fakiti suna ɗauke da koren ɗigo a cikin koren murabba'i idan babu nama ko ƙwai a ciki. Kek ɗin gimbiya na Suwidin, mai koren lulluɓi, lulluɓin da niƙaƙƙen almon ake yi, haɗari ne ga wanda jikinsa ba ya karɓar dangin gyaɗa. Ga yara kuwa, ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba zuma, kuma gyaɗa ko inabi guda-guda suna iya shaƙe 'yan ƙasa da shekara biyar, a yanka inabin a tsaye gida huɗu.

Mataki na biyar: kek, kyandir, da wanda ke samun yankan farko

Kek da kyandir yanzu sun game duniya, amma daga Jamus aka fi danganta asalinsu. A 1746, a bikin da aka yi wa basarake Zinzendorf a Marienborn, wanda ya halarta ya rubuta cewa an gasa ƙaton kek aka huda masa ramuka daidai shekarun mai bikin, kowane rami da kyandirinsa, da ƙarin ɗaya a tsakiya. Yau a Seoul ko Shanghai za ka ga kek da yamma, amma romon ganye ko taliya sun riga shi shiga ciki. Don haka kada ka ɗauka dole ka zaɓi ɗaya: yi na gargajiya da safe ko da rana, kek ya biyo baya.

Game da hura kyandir, masu bincike a Jami'ar Clemson ta Amurka sun auna a 2017, suka ga hurawar tana ƙara ƙwayoyin bakteriya a saman kek da kimanin kashi 1,400 cikin ɗari. Ga masu lafiya ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma in mai ranar yana mura, ko akwai jariri ko tsoho marar lafiya a wurin, yanko masa yanki ɗaya ka dasa kyandirin a kai, ya hura nasa shi kaɗai.

Yanka da rabo su ne inda al'adu suka fi rabuwa, kuma a nan mai masauki ya kamata ya ja baya, ya miƙa wuƙa ga mai ranar. A Barazil daga ƙasa zuwa sama ake yanka na farko, don rayuwa ta yi sama, kuma mai ranar zai miƙa shi ga wanda ya fi ƙauna, kowa na kallo. Uwa ce ta fi samu. Yaro mai wayo da aka sa tsakanin uwa da uba yakan miƙa wa kaka ya huta. A Indiya mai ranar yakan gutsuro da hannu ya sa wa iyayensa a baki, su ma su sa masa, sannan a bi sauran dangi bisa girma. In aka miƙo maka, buɗe baki kawai, kau da kai ba daɗi.

A Meksiko ana tafi ana kiran "mordida", wato mai ranar ya gatsi kek ɗin da baki ba tare da hannu ba, yana sunkuyawa kuma wani ya danna fuskarsa ciki. Wasa ne da suke so, amma ga abin da ya kamata ka sani: dogon kek mai hawa-hawa akan soke shi da tsinken katako ko na roba don ya tsaya, kuma danna fuska a kan irin wannan yana iya tsone ido. In za a yi mordida, kek ya zama shimfiɗaɗɗe, a cire kyandir da duk wani tsinke tukuna. Ni a nawa ra'ayin, in kai ba ɗan gida ba ne, bar dannawar ga 'yan'uwansa. Kek ɗin Meksiko da aka fi so, tires leces, ana huhhuda shi ne bayan gashi a kwarara masa madara iri uku, ya kwana a firiji. Wannan kam tun jajibere ake yin sa.

Denmak na da nata abin mamaki. Teburi da kek duk da 'yan ƙananan tutocin ƙasa, ja da fari, kuma ba siyasa ba ce, alamar murna ce kawai. A bikin yara ana gasa kek mai siffar mutum, a yi masa ado da alewa, sai a fara da yanke masa wuya yayin da yara suke ƙwala ihu iya ƙarfinsu. Baƙon da ba a gaya masa ba sai ya firgita.

Mataki na shida: duba ko shekarar ta musamman ce

Ba duk shekaru ne daidai ba. Cikar shekara ɗaya a Koriya babban taro ne, doljanci. Ana ɗora farar wainar shinkafa da aka turara, alamar tsarki, da ƙwallayen garin dawa da aka mulmula a cikin jan wake, don an yi imani ja yana korar sharri. Wasu gidaje suna yi wa yaro wannan duk shekara har ya kai goma. Sannan a baje kaya a gaban yaron, zare, kuɗi, alƙalami, a ga wanda zai ɗauka. A Japan ana goya wa ɗan shekara ɗaya curin moci na kirɓaɓɓiyar shinkafa mai nauyin kusan kilo biyu, saboda sunan ma'aunin shinkafar, isho, ya yi daidai da kalmar "tsawon rayuwa". Goyawa kawai zai yi. Moci yana da danƙo ƙwarai, yana shaƙe jarirai da tsofaffi, kada ko gutsure ya shiga bakinsa.

Shekara 60 ita ce babba a Sin, Koriya da Japan, don a nan zagayen kalandarsu ta gargajiya yake cika. Sinawa sukan kawo shotawo, burodin turara mai siffar ɗan itacen fic da ɗan ja a baki, don a tatsuniyoyinsu cin wannan ɗan itace ke hana mutuwa. A wasu yankuna a 59 ake yin bikin 60, saboda lafazin "tara" ya yi kama da na "daɗewa". Japanawa kuma da sekihan, shinkafa da jan wake, suke raka duk wata babbar murna. A Meksiko da maƙwabtanta shekara 15 ce babbar ranar 'ya mace, kusan kamar biki na aure wajen girki da taro. Ɗan Denmak da ya kai 25 bai yi aure ba, abokai sukan yi masa wanka da garin kirfa.

In dattijon Basine ne, kada kyautarka ta zama agogo: "ba da agogo" a harshensu ya yi kama da "raka gawa". In Barashe ne kuma ka zo da furanni, su zama mara, uku ko biyar ko bakwai, don cika na makabarta ne.

Mataki na bakwai: teburin yara, da abin da ya rage

Idan lokaci ya ƙure kuma yara ne baƙinka, abu biyu za su fisshe ka. Na Ostareliya da Niyu Zilan ko wuta ba ya buƙata: farin burodi mai laushi, a shafe shi da bota har baki, a barbaɗe da ƙananan ƙwayoyin sukari masu launi-launi, a yanka kusurwa uku. Dab da zuwan baƙi ake yi, in ya jima launin yakan zuba a botar.

Na Barazil, birigadero, ya samo sunansa daga Birgediya Eduardo Gomes, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1945, magoya bayansa mata suna sayar da alewar don tara kuɗin kamfe. Bai ci zaɓen ba, alewar ce ta ci ƙasar. Juye gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, giram 395, a tukunya, sa bota babban cokali ɗaya da garin cakulan cokali uku. Ƙaramar wuta, juyawa ba tsayawa, minti 10 zuwa 15. Alamar nuna ita ce ka ja ludayi a tsakiya ka ga gindin tukunya, kuma haɗin ya yi jinkirin rufewa. Juye a faranti mai bota ya huce sarai, shafa bota a tafin hannu, mulmula ƙanana, birgima su a barbaɗen cakulan. Za ka samu 20 zuwa 25. In ya ƙi mulmuluwa bai gama dahuwa ba, mayar da shi wuta minti uku. A can ana jera su kewaye da kek, kuma ba mai taɓawa sai an gama waƙa an hura kyandir, don haka sa ido a kan 'yan yatsu.

Tanadi 'yan robobi ko takardar ƙunshi tun da wuri, don baƙi a Barazil sukan tafi gida da ƙunshin kek da alewa. Romon ganyen teku ya fi daɗi washegari in aka ɗumama, fayesh ma yakan ƙara kauri a firiji. Taliya ce ba ta kwana, dafa daidai bakin da ke wurin.

A Koriya, wainar shinkafar bikin jariri ba a cinye ta a gida. Ana rarraba wa maƙwabta da dangi, da imanin cewa yawan bakin da suka ci yana ƙara wa yaron kwana. In kai aka aiko wa, kada ka mayar da farantin wayam. Ɗora masa ɗan kuɗi, ko shinkafa, ko dunƙulen farin zare mai tsawo.